Fatar idona ta sauko: in yi aikin ko in haƙura?

Maman Zainab:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in kawo ta nan, don Allah a yi mini adalci. Shekarata 54, ina koyarwa a sakandare. Kusan shekara uku ke nan fatar saman idona tana saukowa, ta hagu ta fi. Yanzu har ta kwanta a kan gashin ido. In na zauna duba takardun jarrabawa da dare, sai na ɗage gira da ƙarfi nake ganin layin sama, kafin in gama aji ɗaya goshina ya ɗauki ciwo. Da asuba in zan yi tilawa, wani lokaci da ɗan yatsa nake tallafe fatar.

Amma ba zan ɓoye muku ba, ba wannan kaɗai ke damuna ba. Watan jiya muka aurar da Zainab. Da aka kawo hotuna, duk inda na fito kamar mai gyangyaɗi ko wadda ta kwana kuka. Har wata daga dangin ango ta tambayi ƙanwata wai ko ba da son raina aka yi auren ba. Wallahi ranar ba wanda ya kai ni farin ciki. Wannan magana ta tsaya mini a wuya.

Na ji ana aikin rage fatar. Ina da kuɗin adashi da na ɗauka. Ya halatta? Akwai haɗari? Wadda ta sani ta taimaka mini.

Hajiya Inno:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, mi kika son ja ma kanki? Ido fa guda biyu Allah Ya ba ki, ba a sayen na ukku kasuwa. Mu da munka riga ki tsufa, fatar tamu ta sauka, goshi ya yi tamoji, ga mu nan muna cin tuwonmu lahiya lau. Wadda ta aurar da ɗiya ai ta zama uwar manya, fuskarta ta nuna haka ba abin kunya ba ne. Wanga aiki na matan waje ne da ba su son a san shekarunsu. Ki bar ma Allah halittaSa.

Maman Abba:
Yaya, ki gaya mana gaskiya, ko maigida ne ya fara maganar ƙari? Don na ga mata da yawa daga nan abin ke farawa.

Maman Zainab:
Maman Abba, ba haka ba ne. Da abokiyar zama muke, shekara goma sha ɗaya, kuma lafiya muke zaune. Maigida ma cewa ya yi shi bai ga komai ba. Ni ce nake gani, ni ce nake jin nauyin a idona. Hajiya, na gode, maganarki ta uwa ce. Sai dai tamojin goshina bai taɓa damuna ba, furfurata ma lalle kawai nake sa mata. Wannan ya bambanta, don yana sa mutane su karanta a fuskata abin da babu shi a zuciyata.

Sista Hauwa:
Maman Zainab, sannu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren ido, bari in faɗi abin da na sani, amma ba zai maye gurbin ganin likita ba.

Da farko, ba kowace saukowar fatar ido ce iri ɗaya ba. Akwai wadda fata ce kawai ta saki ta yi yawa saboda shekaru, wani lokaci da ɗan kitse da ya turo. Wannan ita ake yi wa aikin da kike magana, a likitance ana ce masa bilefaroplasti. Akwai kuma wadda ba fatar ba ce, naman da ke ɗaga marfin idon ne ya saki, sai bakin marfin da kansa ya sauko ya rufe wani ɓangare na ƙwayar ido. Wannan aikinsa daban, naman ake ɗaurewa a gajarta. In aka yanke fata alhali naman ne ya saki, za ki tashi daga gadon aiki da matsalarki. Akwai ma wadda girarta ce ta sauko ta danno fatar, ita ma nata gyaran daban.

Tunda kin ce na hagu ya fi, ina so ki amsa mini: a hankali ya zo ko farat ɗaya? Da safe da yamma duk ɗaya ne, ko yana ƙaruwa in rana ta yi? Kina ganin abu biyu-biyu? Kina da sukari ko hawan jini?

Ina tambaya ne don marfin ido da ya faɗo kwatsam, musamman da ciwon kai mai tsanani ko gani biyu-biyu, ba maganar kwalliya ba ce, maganar gaggawa ce, yana iya zama jijiya ko wani abu a ƙwaƙwalwa. Wanda kuma yake lafiya da safe ya faɗi da yamma, akwai wata cuta ta raunin nama da ke yin haka, magani ake sha ba wuƙa ake sawa ba. Masu kumburin ƙasan ido da safe kuma, a fara duba ƙoda da maƙoƙo kafin a yi zancen aiki.

Maman Zainab:
A hankali ya zo, Sista. Ba na ganin biyu. Da yamma na fi jin nauyi amma ina ga gajiya ce. Hawan jini ina da shi, ina shan magani, da asfirin ƙarami kullum. Sukari rabona da gwaji ya kai shekara biyu.

Sista Hauwa:
To ki riƙe maganar asfirin ɗin nan, ki gaya wa duk likitan da za ki gani, don yana tsinka jini. Kada kuma ki daina sha da kanki, wanda ya rubuta miki shi ne zai ce a tsaya ko a ci gaba.

Shi aikin, in fata ce kawai, ba babba ba ne. Likita zai zaunar da ke ya zana da alƙalami iyakar abin da zai cire, yana bin layin naɗin fatar da Allah Ya yi, don tabon ya ɓuya a ciki. Yawanci allurar kashe wurin ake yi, kina farke, awa ɗaya zuwa biyu an gama, ki koma gida ranar. Zare ana cire shi bayan kwana biyar zuwa bakwai. Kumburi da taruwar jini a ƙarƙashin fata sukan kai mako biyu. A kwanakin farko ana sa tsumma mai sanyi, a ɗaga kai da matashi in za a kwanta, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba sunkuyo mai yawa, ba kwalli, a nisanci hayaƙin murhu da na turaren wuta.

Abin da ba ya yi kuma: ba ya goge tamojin gefen ido, ba ya cire baƙin ƙasan ido, kuma tsufa ba ya tsayawa don an yi shi. Yakan riƙe shekaru da dama, amma fata za ta ci gaba da halinta.

Anti Luba:
Ban so in yi magana ba, amma amana ce. Yayata uwa ɗaya uba ɗaya ta yi wannan aiki a ƙasar waje, ta haɗa da tafiyar sarin kaya. Wata ce ta yi mata hanya ta waya, ta ga hotunan kafin da bayan aiki ta yarda. Kwana huɗu da yin aiki ta hau jirgi ta dawo. Da kumburi ya saɓe, kowa ya ce ta koma yarinya, ita ma ta ji daɗi. Sai 'yarta da suke kwana ɗaki ɗaya ta lura in ta yi barci idanun ba sa rufewa ruf, ana ganin farin ido kamar tsinin farce. An cire fata fiye da kima.

Ku da kuke Sakkwato kun san hunturunmu. In iskar nan mai ƙura ta taso, sai ta tashi da asuba idanu jawur kamar an watsa barkono, hawaye na zuba, ba ta iya kallon haske. Yanzu kowane dare sai ta matsa man ido ta manne marfin da filasta kafin ta kwanta. Na taɓa kwana gidanta na ga tana yi a gaban madubi, ta yanka filastar gunduwa biyu ta ajiye a bakin gado, wallahi sai da na juya na share hawaye. Wanda ya yi mata aikin ya daina amsa saƙo. Likitocin nan gida ne suka karɓe ta, sun ce gyaran sai an ɗebo fata daga wani wuri an dasa, ita kuma tsoro ya hana ta.

Ba cewa nake kowa haka zai same shi ba. Amma fatar da aka yanke ba ta dawowa.

Hajiya Inno:
Innalillahi. Kun ji ko? Kuma ku tuna matar Obasanjo, Stella, ba wajen irin wanga aiki ta rasu ba?

Sista Hauwa:
Hajiya, gaskiya ne ta rasu a Sifaniya a watan Oktoban 2005 bayan aikin kwalliya, amma nata na zuƙe kitsen ciki ne, ba na ido ba, haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Abin da Anti Luba ta faɗa shi ne ainihin abin tsoro a aikin fatar ido. Shi ya sa ƙwararru ke barin kusan milimita 20 na fata tsakanin gira da bakin gashin ido, ko da mai aikin tana roƙon a ƙara cirewa. Sauran matsalolin su ne bushewar ido, ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, marfin ƙasa ya juyo waje in an taɓa shi, sai kuma wanda ba kasafai yake faruwa ba amma ya fi duka muni: jini ya taru a bayan ƙwayar ido ya danne jijiyar gani. Wannan in ba a buɗe cikin gaggawa ba ana iya rasa ganin. To ki duba, wadda ta hau jirgi ko ta kama hanyar ƙauye, wa zai buɗe mata? Shi ya sa nake jin zafin masu hawan jini da ke ɓoye wa likita.

Wani abu kuma da ya shafe mu mata: wadda ta daɗe tana shafa man bilicin, fatarta ta yi siriri, ba ta riƙe ɗinki da kyau, kuma tabo yakan yi baƙi. A gaya wa likita gaskiya.

Ummu Hafsa:
Bismillah. Tunda an tambayi hukunci, zan faɗi abin da na karanta a gaban malamaina, Allah Ya sa daidai ne.

Masu hanawa suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya yi alwashin umartar mutane su canza halittar Allah, da hadisin Ibnu Mas'ud a Bukhari da Muslim kan masu zanen jiki da masu tsige gira da masu yin wushirya don ado. Amma kuma akwai hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito. Daga nan malamai suka raba: kawar da aibi ko cuta daban, neman ƙarin kyau daban.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna kan wannan a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007. Sun halatta aikin da zai dawo da gaɓa kan amfaninta ko ya gyara aibin haihuwa ko na haɗari, da sharaɗin ƙwararre ya yi, amfanin ya rinjayi cutarwa, kuma a yi wa mai aikin bayani ya yarda. Sun hana wanda ake yi don canza kamanni kawai ko yaudara, kuma sun ambaci cire tamoji da cewa bai halatta ba sai in ya zama cuta.

Don haka Yaya, in fatar tana tare miki gani, magani ne, ban ga saɓani a kai ba. In kuma hoton biki ne kawai, ni dai ba zan ce miki ki yi ba.

'Yar Gidan Igwai:
Malama, da girmamawa, ina da tambaya. An yarda a rina furfura da lalle, har umarni aka yi wa mahaifin Sayyidina Abubakar ranar buɗe Makka a canza masa farin gashi. Wannan ba rage alamar tsufa ba ne? Muna sa haƙorin roba, muna sa tabarau, muna yin dilka da halawa. Me ya sa sai an zo kan abin da ke ci wa mace rai sai a ce ta haƙura? Mama ta ce maganar ta tsaya mata a wuya. Ciwon zuciya ba ciwo ba ne?

Ummu Hafsa:
Tambaya mai kyau, ƙanwata. A wannan hadisin ma an ce a nisanci baƙi, wato a gyara amma kada a kai ga ɓatar da mai kallo. Lalle kuma yana fita, ba a zubar da jini, ba a sa gaɓa cikin haɗari. Jiki amana ne, ba a yanka shi sai da dalili. Damuwar rai kuwa malamai ba su yi watsi da ita ba, sun lasafta ta in aibin ya fita daga abin da aka saba gani har yana cutar da mai shi. Inda ake saɓawa shi ne, shin saukowar fata a shekara 54 aibi ne ko tsufa ne irin na kowa? Wannan ba daga waya za a yanke ba. Likita ya auna, sannan ta kai wa malamin da ta amince da shi abin da aka auna.

Talatu Wurno:
Ni maganar ta tuna mini da kakata, Allah Ya jiƙanta. Amosanin ido ya juya mata gashin ido ciki, kowane ƙiftawa sai ya karce mata ƙwaya. Tana da matsefata ɗaure a bakin zane, in abin ya ishe ta sai ta kira ni in zauna a gabanta bakin ƙofa inda haske yake, in riƙa tsige mata ɗaya-ɗaya. Bayan kwana kaɗan su sake fitowa da kaifi. Da masu aikin ido suka zo garinmu suka ce za a ɗan tsaga marfin a juyo shi waje, kyauta, sai dangi suka hana, wai ba a sa wa ido wuƙa, wai canza halitta ne. Ta rasu ba ta gani da ido ɗaya. Maƙwabciyarta da ta yarda aka yi mata, har ta tsufa tana tsintar shinkafa da kanta.

Shi ya sa Hajiya Inno, ki gafarce ni, in na ji an ce a bar wa Allah halittarSa nakan ji tsoro. Kalmar gaskiya ce, amma na ga inda aka sa ta ba wurinta ba.

Hajiya Inno:
Allah Ya jiƙan kakarki, ɗiyata. Wancan ai lalura ta, ban hana ba. Ni da kaina an cire min yanar ido, da ɗana ya kai ni. Kuma nan garin ga asibitin masu ciwon noma, yaran da ciwo ya cinye ma fuska ana gyara musu, wa za ya ce haramun ne? Abin da nike gudu shi ne 'yan matanmu su ji uwa ta yi, gobe mai shekara talatin ta ce ita ma nata ya sauko. Kun ga yadda man bilicin ya shigo, da kaɗan-kaɗan ya fara.

Sista Hauwa:
Hajiya ta faɗi gaskiya a nan, kuma asibitin noma da ta ambata tun 1999 yake aiki. Gyaran fuska ba baƙon abu ba ne a Sakkwato, mun san amfaninsa.

Maman Zainab, abin da ya rage miki mai sauƙi ne. Akwai gwajin faɗin gani. Za ki sa haɓa a kan na'ura, ki kalli tsakiya, duk inda ɗigon haske ya ƙyalla ki danna. Ana yi da fatar a sake, sannan a ɗage ta da filasta a sake yi. Bambancin takardun biyu shi zai nuna ko fatar na cin ganinki na sama. Ki fara da sashen ido na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, in sun ga buƙata za su iya tura ki Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Duk wanda zai taɓa ki, ya kasance likitan ido ko na gyaran jiki mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, a asibiti, ba shagon gyaran fuska ba. Ki tambaye shi sau nawa ya yi, wa za ki kira in wani abu ya taso da tsakar dare, kuma ya duba ko idonki na da bushewa tun kafin aiki. Ki tambaye shi maganar sujada da alwala a kwanakin farko ma, don ki san abin da za ki tambayi malamai.

Maman Abba:
Yaya, ki yafe mini tambayar da na yi da farko, ban yi don in ɓata miki ba.

Maman Zainab:
Ba komai wallahi, Maman Abba.

'Yan'uwa, na dawo da bayani, yau kwana goma sha biyu. Na je an duba ni. Sista, kin yi gaskiya, abu biyu ne. Na dama fata ce kawai, kuma gwajin ya nuna ba ta tare komai sosai. Na hagu naman ne ya saki, kuma da aka ɗage da filasta aka sake gwajin, ni kaina na ji bambanci tun kafin a nuna mini takarda, kamar an yaye labule daga saman taga. Na zauna a kujerar ina kallon fankar sama ba tare da na ɗaga kai ba. Ban san na daɗe ba na ganin sama haka ba.

Sai dai an gano sukarina ya hau, ban sani ba. Likita ta ce ba za ta taɓa ni ba sai ya daidaita, jinin ma ya zauna, kuma ta fi so a bar hunturu ya wuce. Ta ce in an ɗaga na hagu, mai yiwuwa a rage kaɗan a na dama don kada su bambanta, amma sai ta ga yadda na hagun ya zauna.

Malama, a nan ne har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Na hagu na san magani ne. Na dama kuwa, in na ce don su daidaita ne gaskiya ne, in na ce ina so in daina kama da mai kuka shi ma gaskiya ne, kuma ban iya raba su ba. Zan kai wa malaminmu takardun ranar Asabar in gaya masa duka biyun yadda suke.

Anti Luba, na yi wa likitar maganar Yayarki ba tare da na ambaci suna ba. Ta ce a kawo ta a duba ƙwayar idon ko da ba ta shirya wa dashen fata ba, don bushewar na iya yi mata gyambo. Ranar Talata ake ganin irinsu, a zo da wuri a karɓi kati. In tana jin nauyin zuwa, ni zan biyo in ɗauke ta.

Anti Luba:
Allah Ya saka da alheri, Yaya. Na kira ta yanzu, ta ce za ta zo. Zan turo miki kwatancen gidan, bayan Mabera ne.